Tambaya da Amsa: Yaya aka yi kuɗin 'yan tsibiri ya fi Naira zama wuri ɗaya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Gumi nan Kaduna, atamfa da shadda nake sayarwa. Gardama muka yi a majalisarmu ta Tudun Wada, wani abokinmu ya ce akwai wasu ƙananan tsibirai biyu a Afirka, Cape Verde da Sao Tome, wai kuɗinsu ya shekara da shekaru bai motsa ba a kan Yuro, har ma wai na Sao Tome ashirin da huɗu ne kacal Yuro ɗaya saboda sun yanke sifili. Gaskiya ne? In gaskiya ne me ya hana mu ma a yanke wa Naira sifilin kowa ya huta?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Abokinku bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba ku.

Ƙasashen nan biyu duk Fotugal ce ta mulke su, duk kuma a watan Yulin 1975 suka samu 'yanci, mako ɗaya ne tsakani. A lokacin kowaccensu Eskudo take kashewa, kuma daidai yake da Eskudon Fotugal, ɗaya da ɗaya. Cape Verde ta riƙe sunan Eskudo, ita kuwa Sao Tome a 1977 ta fito da nata kuɗin mai suna Dobra, shi ma ɗaya da ɗaya aka canza shi. Kenan layi ɗaya suka tashi.

To amma zuwa Janairun 2010, lokacin da Sao Tome ta ɗaure kuɗinta da Yuro, Yuro ɗaya Eskudon Cape Verde 110.265 ne, a Sao Tome kuwa sai ka zube Dobra 24,500. In ka raba za ka ga Eskudo ɗaya ya koma Dobra 222 da 'yan kai. Wannan 24.5 ɗin da ya burge abokinku daga baya ne, a Janairun 2018 aka cire sifili uku, dubu ta koma ɗaya. Wanda ke da albashin miliyan biyu ya wayi gari da dubu biyu, kifi da man girki ma aka yanke musu sifilin, ba wanda ya ƙaru da ko sisi, illa dai an rage wa masu shago wahalar ƙirga. Dan haka in ana maganar kuɗin da ya riƙe mutuncinsa, mai 110 ɗin ne, ba mai 24 ba.

Abin da ya karya Dobra koko ne. Sao Tome a farkon ƙarni na 20 tana cikin manyan masu noman koko na duniya, bayan 'yanci gwamnati ta karɓe manyan gonakin, Turawan da ke gudanar da su suka tattara suka tafi, amfanin ya ja baya, a shekarun 1980 farashi ya faɗi a kasuwar duniya, ga shi kusan komai daga waje ake shigo da shi har man fetur, sai bashi, sai buga kuɗi, sai karya darajar kuɗi daga 1987 ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki irin namu na SAP ɗin Babangida. Wanda ya ga 1986 a Najeriya ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Cape Verde ba ta da koko ba ta da mai, ruwan sama ma da ƙyar. Jarinta mutanenta ne da ke Amurka da Fotugal da Holan suna aiko da kuɗi gida, sai 'yan yawon buɗe ido da ke cika tsibiran Sal da Boa Vista. A 1998 ta ɗaure kuɗinta da na Fotugal, da Yuro ya zo a 1999 ɗaurin ya koma kansa, kuma wannan 110.265 ɗin har yau shi ne. Ko a 2020 da korona ta rufe otal-otal bai motsa ba, sai dai bashin gwamnati ne ya yi sama sosai.

Ga inda ba a faɗa a majalisa: ba su kaɗai suke riƙe da igiyar ba. Dukkansu sun sa hannu a yarjejeniya da Fotugal, Cape Verde a 1998, Sao Tome a 2009, cewa in kuɗin waje ya yanke musu baitulmalin Fotugal zai ranta musu. Kamar dai yaron shago ne da dila ke ba wa kaya bashi dan ya san maigidansa ya tsaya masa, kai ka fi ni sanin wannan. A madadin haka babban bankinsu ba shi da ikon buga kuɗi yadda gwamnati ta ga dama, kuma ana duba musu littafi. Sannan tsayuwar canji ba ta hana tsada, a Sao Tome hauhawar farashi ta haura kashi 20 cikin ɗari a 2022 duk da 24.5 ɗin yana nan daram.

Mutanen ƙasashen biyu gaba ɗaya ba su kai miliyan ɗaya ba, cikin garin Kaduna kaɗai ya fi su. Tsaya wa irin wannan ba ya girgiza aljihun Fotugal. Mu kuwa sama da miliyan 200 ne, wace ƙasa ce za ta tsaya mana, kuma wane shugaba ne zai yarda a riƙa duba masa littafi daga waje? Ni ban hango shi ba.

Batun sifili kuma an taɓa gwadawa. A Agustan 2007 gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya sanar da shirin cire wa Naira sifili biyu, marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya dakatar da shi cikin 'yan kwanaki. Gana ta yi nata a shekarar, sifili huɗu ta cire, sabon Sidi ya fito har ya ɗan fi Dala. Ka tambayi 'yan canji nawa yake yau.