Likita na amsawa: bakwainin da ba ya kukan yunwa, da sauran tambayoyi kan ciyar da jariri mai rauni

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan jarirai suke, waɗanda aka sallamo daga asibiti amma shan nono ya zame musu aiki. Na zaɓi biyar. Amsata ba za ta maye gurbin a ɗora yaro a kan sikeli a duba shi ba.

Wata mai jego daga Garwa: Likita, na haifi bakwaini, nauyinsa kilo biyu aka sallame mu. Da ya kama nono sai barci ya ɗauke shi, kuma ba ya kuka. Surukata ta ce yaro mai haƙuri ne, in bar shi ya huta. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

'Yar'uwa, barka da sauka lafiya. Hankalinki ya gaya miki gaskiya. Bakwaini ba ya kukan yunwa don ƙarfin kukan ma ba shi da shi, kuma in ya daɗe bai sha ba sukarin jininsa na sauka, sai barcin ya ƙara nauyi. Iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a lokaci guda ba ya nuna sai ciki ya kai mako 32 zuwa 34, shi ya sa wanda ya zo da wuri yake gajiya bayan tsotso kaɗan. Ke za ki riƙe masa agogo: duk awa biyu zuwa uku ki tashe shi, dare da rana, kada ya gaza sau takwas a yini da kwana. Ki kwance masa zane, ki shafa tafin ƙafarsa, ki ɗiga masa nono a leɓe.

Ki fara sa shi a nono kamar minti goma. In ya saki, ki tatsa ki cika masa da ƙaramin kofi. Wajen tatsa, ki wanke hannu da sabulu, sannan ki riƙe nonon, babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, daidai gefen baƙin nan na kan nono. Ki danna ciki wajen ƙirjinki, sannan ki matse, ki saki, ki sake. Kada ki riƙa jan fata, ciwo kawai za ki ji. Wajen ba shi, ki zaunar da shi a cinyarki kansa a sama, ki naɗe hannuwansa da zane don kada ya ture kofin. Ki ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, ki karkata har nonon ya taɓa leɓen, sai ki tsaya nan. Za ki ga ɗan harshen ya fito yana lasa kamar kyanwa, ya haɗiye, ya huta, ya dawo. Kada ki zuba masa a baki. Bambancin wannan da ɗura ke nan, kuma ɗurar nan da ake toshe wa yaro hanci a kwarara masa abu ta kai jarirai da yawa gadon asibiti da nono a huhu.

Yaro mai kilo biyu da ya wuce makon farko yana buƙatar kusan mililita 300 na nono a kwana, wato mililita 35 zuwa 40 a kowane shan, cokalin shayi bakwai ko takwas, in bai samu komai daga tsotso ba. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A Garwa cikin Maris da Afrilu, da zafi ke haura 40, ina wannan ɗakin? Ki tatsa ki ba shi nan take, ragowar kada ta wuce awa ɗaya ko biyu. Firji yana riƙe shi kwana huɗu, amma sai in wuta ba ta yanke ba. In za ki ɗumama, ki tsoma kofin a ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba.

Sai goyon ƙirji, wanda ake kira renon kangaru. Likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara shi a 1978 lokacin da kwalaben ɗumama jarirai suka yi musu kaɗan, yanzu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawararsa ga duk bakwaini. Yaro daga shi sai nafkin da hula, ki kwantar da shi tsakanin nonuwanki fata da fata, fuskarsa a gefe, ki ɗaure da zane. In kin shiga wankan jego, ki miƙa wa mahaifinsa ko ita Hajiyar su ɗaura a nasu ƙirjin, hakan zai sa ta shiga cikin aikin maimakon ku tsaya jayayya. Ku je awo duk mako. Ƙarin kusan giram 200 a mako da fitsari sau shida ko fiye a kwana, su ne shaidar yana ƙoshi.

Wata kaka daga Ngaundere: Jikata ta yi arba'in amma ba ta ƙiba. In tana shan nono sai ta saki tana haki, goshinta ya jiƙe da gumi. An ce belu ne, za mu kira wanzami.

Hajiya, ina roƙonki don Allah a dakatar da wanzamin. Belu halitta ce da kowa ke da ita, yana cikin abin da ke tare hanyar hanci lokacin haɗiya, ba ya hana yaro shan nono. Jinin jikin jaririya irin wannan gaba ɗaya bai fi cikin kofin shan ruwa ɗaya ko ɗaya da rabi ba, abin da babba zai zubar bai ji ba ita yana iya kayar da ita. Ga tetanus da ciwon hanta da ke bin ƙarfen da ba a dafa ba, ga raɗaɗin maƙogwaro da zai sa ta ƙi nonon da ma da kyar take sha.

Abin da kika bayyana ya fi kai tunanina ga zuciya. Jaririn da aka haifa da huji a zuciya, shan nono a wurinsa gudu ne: yana haki, yana gumi, ko da sanyin Ngaundere, kuma abin da ya sha yana ƙonewa a wahalar numfashi. Alamun kan fito ne daidai wannan lokacin, makonni kaɗan bayan haihuwa. Ƙarancin jini ko ciwon huhu ma suna iya kawo haka. Ki ɗaga rigarta tana kwance shiru, ki ƙirga tashin cikinta na minti ɗaya cur. In ya kai 60, ko ƙasan haƙarƙarinta na lomawa ciki, ko leɓenta ya yi shuɗi, yau za ku tafi asibiti, ba gobe ba. Ko ba haka, a kai ta likitan yara cikin makon nan, a saurari zuciyar, in ya ga dama ya tura ku hoton zuciya. Wasu hujin suna toshewa da kansu, wasu magani ke riƙe su, wasu sai aiki. Kafin nan a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada shan guda ya wuce minti ashirin zuwa talatin.

Wani magidanci daga Kuseri: Da wannan zafin, ba za a ba jariri ruwa ba? Kuma nonon uwar ya yi kaɗan, ina so in haɗa masa da madarar shanu da ɗan zuma.

Malam, duka ukun a'a. Kusan kashi 87 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, ya ishe shi har wata shida ko da zafin Kuseri. Ruwa yana cike ɗan cikinsa ba abinci, yana kuma shigo da gudawa. Uwar ce za ta sha ruwa da kunu sosai. Zuma ba a ba wa yaro sai ya shekara, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya zama a ciki ta shanye masa jiki har numfashi. Madarar shanu ta yi wa ƙodarsa nauyi, ɗanyarta kuma tana ɗauke da cututtukan dabba. Nono yawan cire shi ke kawo shi, don haka a ƙara yawan shayarwa da tatsa, musamman da dare. In likita ya auna ya ce sai an ƙara da madarar gwangwani ta jarirai, a haɗa da tafasasshen ruwa daidai awon da aka rubuta, abin da ya kai awa biyu a zubar. Na san tsadarta, amma tsinka ta da ruwa don gwangwani ya daɗe yunwa ce a ɓoye.

Wata uwa daga Marwa: An haifi ɗana da tsagaggen leɓe har cikin ganɗa. Nono na fitowa ta hancinsa. Dangi suna ta magana.

Malama, bar su da maganarsu. Leɓe da rufin baki suna haɗuwa ne a cikin wata ukun farko na ciki, wani lokaci kafin mace ta tabbatar tana da shi. Ba iska ba ce, ba baki ba ne, ba laifinki ba ne, kuma ana gyara shi. Matsalar ita ce tsagar ganɗa tana hana bakin yin zuƙo, sai ki ga yana ta motsa baki a nono alhali kaɗan ke shiga. Ki tatsa ki ba shi da kofi ko cokali kamar yadda na bayyana a sama, ko da kwalba mai laushi da ake matsawa in asibiti sun ba ki. Ki riƙe shi kusan a zaune, ki riƙa tsayawa ya yi gyatsa don yana haɗiyar iska da yawa. In nono ya fito ta hanci, ki dakata, ki karkata shi gaba, ki goge, ki ci gaba. Ana ɗinke leɓe yawanci tsakanin wata uku zuwa shida, ganɗa kuma daga wata tara zuwa goma sha takwas, kuma likitan tiyata zai so ya ga yaron ya kusa kilo biyar da isasshen jini kafin ya taɓa leɓen. Ƙungiyoyi irin su Smile Train suna ɗaukar nauyin wannan aiki a wasu asibitoci, ki tambaya a babban asibitin yanki a rubuta sunansa tun yanzu. Ki lura da kunnuwansa, irin waɗannan yara suna yawan ciwon kunne.

Wata mai jego daga Njamena: An sallame mu da robar abinci a hancin 'yata. In ta fita da dare fa?

'Yar'uwa, kada ki mayar da ita da kanki, tana iya bin hanyar huhu. Ki ba ta da kofi in tana iya lasa, ki kai ta asibiti kafin lokutan shayarwa guda biyu su wuce. Kullum kafin ki ba ta, ki duba alamar da aka yi a jikin robar tana nan daidai bakin hanci, ki kuma yi gwajin da ma'aikaciyar jinya ta koya miki. Ki cire abin turawa na sirinjin da ake haɗawa da robar, ki zuba nonon a ciki, ki ɗaga shi sama kaɗan ya sauka da kansa cikin minti goma zuwa goma sha biyar. In ta fara tari ko launinta ya sauya, ki lanƙwashe robar ki tsaya. Bayan ta gama ki riƙe ta a kafaɗa minti ashirin, sannan ki kwantar da ita a kan bayanta. Koren amai, kumburin ciki, zazzaɓi, jiki ya yi sanyi ƙalau, jijjiga, ko ki tashe ta ta ƙi tashi, duk waɗannan ba a jiran gari ya waye da su. Tun da rana ki ajiye lambar mai mashin ko mai motar da zai ɗauke ku, da katin asibitinta a cikin jaka.