Za a sauya mana bututun ruwa: wane izini ake nema, me za mu sha kafin a gama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗan kwamitin ruwa ne a wani gari cikin ƙaramar hukumar Ringim, mu kusan 3,000 ne. Bututun da ke kawo mana ruwa daga tanki ya tsufa, ko'ina yoyo, za a sauya kilomita 4. Ɗan kwangila ya ce babu ruwansa da takardar muhalli tunda sauyi ne kawai, kuma za a ɗauke ruwa wata biyu. Haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganarsa ta farko tana da ƙamshin gaskiya. Ta biyun kuwa kada ku yarda.

Doka mai lamba 86 ta 1992 ce ta wajabta nazarin tasirin aiki kan muhalli, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke riƙe da ita. Cikakken nazarin, wanda ake baje rahotonsa kwana 21 na aiki jama'a su duba, na manyan ayyuka ne irin gina dam. Sauya bututu a kan tsohon layinsa galibi ba ya kaiwa can, ɗan gajeren tsarin kula da muhalli yakan wadatar. Sai dai hukuma ke yanke wannan, ba mai haƙa ba. Ku tuntuɓi JISEPA, wato hukumar kare muhalli ta Jihar Jigawa, da hukumar da ta ba da aikin, STOWA ce mai kula da ruwan ƙananan garuruwa ko RUWASA mai kula da ruwan karkara, a ba ku amsa a rubuce. In layin zai tsallaka kwalta, sai da izinin ma'aikatar ayyuka. In zai ratsa gonaki, dokar filaye ta 1978 tana biyan diyyar amfanin gona, bishiya da gini, ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta. Shi ya sa nake son a fara haƙa bayan an kwashe gero da dawa, a kammala kafin zafin Maris.

Ku je inda ya fashe ku duba tsohon bututun da idonku. In launin toka ne kamar siminti, bakinsa yana marmashewa da ɗan zare-zare, to asbestos ne. Ƙurarsa ce illar, tana taɓa huhu bayan shekaru. Kada a yanka shi a bushe da injin yanka, kuma kada a yasar da guntayensa a bakin hanya, domin kafin gari ya waye wani ya ɗauka ya yi kwalbati a ƙofar gida. Sau da yawa barinsa a binne ya fi tono shi.

Yanzu batun wata biyu. Mu yi lissafi da lita 20 ga mutum a rana, wanda shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin mafi ƙarancin wadata. Mutum 3,000 sun tashi lita 60,000, wato jarka 2,400 mai lita 25, ko sawu shida na tanka mai lita 10,000, kullum. Ban sa asibiti da masallaci ba, balle shanu, da saniya ɗaya kan shanye jarka a ranar zafi. Wa zai biya wannan kwana 60? 'Yan ga-ruwa za su ninka kuɗin kura, mata da yara su koma kududdufi, daga nan sai amai da gudawa.

Yadda ake yi shi ne a shimfiɗa sabon bututun a gefen tsohon, tsohon yana ci gaba da aiki. In an gama a matsa masa ruwa fiye da ƙarfin da zai ɗauka kullum a ga ko zai yi yoyo, a cika shi da ruwan kulorin mai ƙarfi ya kwana ya wuni, a wanke, a kai samfur ɗakin gwaji. Wannan ruwan wankin kada a sake shi cikin fadama ko Kogin Haɗeja, yana kashe kifi. Sai sakamako ya fito sannan a haɗa layi unguwa-unguwa, kowace ta rasa ruwa na wuni ɗaya ko biyu, mai shela ya zaga tun jajibiri a cika randuna.

Kafin a sa diga a ƙasa, ku zauna gaban dagaci da ɗan kwangilar a rubuta iyakar awoyin da za a ɗauke ruwa, da wanda zai biya tanka in an zarce su. Ku riƙe kwafi ɗaya a hannun kwamiti.