Tikitin Disney na kwana shida, ni uku ƙanwata uku, zai yiwu?

Tambaya: Salam Anti, barka da ƙoƙari. Muna zaune a Houston ne, hutun yara muke so mu je Orlando, ni da maigida da yara biyu da ƙanwata da ta zo mana ziyara daga Kano. Akwai jinjiri a hannuna ga kuma Hajiyarmu da ƙafa ta matsa mata, dole kullum wani ya zauna da ita a masauki. Shi ne nace me zai hana mu sayi tikitin kwana 6 guda ɗaya, ni in shiga kwana uku ƙanwata ta shiga uku, tunda na ga ya fi araha nesa ba kusa ba akan mu sayi na kwana uku-uku guda biyu. Dan Allah ya kike gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Lissafinki daidai ne, amma ba zai yiwu ba, kuma gara ki ji daga bakina tun kina gida da ki ji daga bakin mai tsaron ƙofa ga layi a bayanki ga yara na jan mayafi.

Tikitin Walt Disney World, wato wuraren wasan Disney da ke yankin Orlando, na mutum ɗaya ne, a rubuce yake cikin sharuɗɗan cewa wanda ya fara shiga da shi shi ne zai ƙarasa duk kwanakin. Kuma ba rubutu kawai suka yi suka kwanta ba. Ranar farko in kin ɗora katin ko wayarki a ƙofa za a ce ki ɗora yatsa a kan na'ura, daga nan an ɗaure yatsan da tikitin kenan, gobe ko jibi ko Magic Kingdom kika je ko EPCOT ko Hollywood Studios ko Animal Kingdom, wato wuraren wasansu huɗu, yatsan nan za a nema. Su dai sun ce ba hoton zanen yatsan suke ajiyewa ba, lamba suke mayar da shi, kuma wanda bai so zai iya nuna katin shaida mai hoto a madadin haka, to kinga nan ma ba kafar da ƙanwarki za ta bi. In na'urar ta ƙi, ma'aikaci zai zo da 'yar kwamfutarsa ya fara tambayoyi, yaushe kika fara shiga, wane wuri, ina ID ɗinki, kuma suna da ikon soke tikitin gaba ɗaya ba tare da sun mayar da ko sisi ba. Af, ki riƙe wane yatsa kika sa ranar farko, mutane da yawa a nan suke rikicewa alhali tikitin nasu ne halak malak.

Arahar da kika gani kuwa da gangan suka tsara ta. Tikitin kwana ɗaya ya haura dala 100, kwanakin farko su ne masu tsada, amma daga wajen kwana na biyar zuwa sama abin da ake ƙara miki kaɗan ne, har zuwa kwana 10. Kamar sari ne a Kwari, mai ɗaukar dila ba farashinsu ɗaya da mai yankan yadi biyar ba. Su burinsu mutum ɗaya ya daɗe a wurin yana cin abincinsu yana kwana a otal ɗinsu yana saya wa yara tarkace, da za su bari a raba tikitin ai da kowa ya haɗa kai da maƙwabcinsa sun sayi na kwana 10 sun raba, shi ya sa suka tsare ƙofar haka. Ni a ganina ma tunda kin danna kin amince da sharaɗin lokacin saye, maganar ta wuce ta tsoron kamu, alkawari ne.

Toh ya za ku yi? Ki sayi na kwana uku naki, ita ma na kwana uku nata, ko ma bibbiyu, don gaskiya da jinjiri da zafin Florida musamman daga Yuni zuwa Agusta kwana uku a jere ma sai kin ji a jikinki. Jinjirin bai kai shekara 3 ba, kyauta zai shiga, 'yan shekara 3 zuwa 9 kuma akwai nasu farashin na yara, duk da ragin ba wani mai yawa ba ne. Kwanakin ba dole a jere ba, na kwana 6 da maigida da yara za su saya ana iya amfani da shi cikin kwana 9, na kwana uku cikin kwana 5, saboda haka ki zaɓa wa ƙanwarki ranar farawa daban da taki tun wajen saye. In kun shiga kun ga bai ishe ku ba ana iya ƙara kwana a kan tikitin a biya cikon, amma a yi kafin a gama cinye ranar ƙarshe. Hajiya kuma kar a bar ta tana kallon bango, ana ba da hayar keken guragu a bakin ƙofa, sannan Disney Springs shiga kyauta ne, ga shaguna ga wuraren cin abinci, da yamma in rana ta yi sanyi ku fita da ita.

Tambaya: Anti wani a group ɗinmu na WhatsApp yace ya yi kwana huɗu cikin bakwai zai sayar min da ragowar ukun rabin kuɗi, kuma an ce min akwai masu sayar da irinsu a bakin titi a Kissimmee kusa da Orlando. In saya?

Amsa: Kar ka saya ƙanena. Ba ka da hanyar da za ka san kwana nawa suka rage a ciki sai ka isa ƙofa, ko da sun rage wa'adin tikitin na iya ƙarewa kafin ranarka, ko da bai ƙare ba yatsan ba naka ba ne. Sayar da ragowar kwanakin irin wannan tikitin laifi ne a dokar jihar Florida, kuma an sha kama masu irin waɗannan rumfunan a kan titin 192. Wasunsu har labarin da za ka shirga a ƙofa suke koya maka, wai ka ce da kawunka ka zo ranar Talata. Kai da ke kan bizar karatu ko ta ziyara me ya haɗa ka da wannan. Shi mutumin group ɗin wataƙila bai ma san haka abin yake ba, ka faɗa masa. In ragi kake nema akwai dillalan da kamfanin ya yarda da su, irin su Undercover Tourist, sabon tikiti suke sayarwa, ragin ba yawa amma na gaske ne.

Tambaya: Mun sayi tikiti da sunan maigidana sai aka hana shi hutu a wurin aiki. Zan iya ba wa ƙaninsa? Ba a taɓa shiga da shi ba.

Amsa: Wannan kam eh. Muddin ba a taɓa ɗora shi a ƙofa ba, ki shiga manhajar My Disney Experience, ki saka ƙanin cikin jerin iyalinki, sai ki mayar da tikitin kansa, in ta ƙi ki kira su ko ki je Guest Relations, ofishinsu na kula da baƙi, da rasit da katin da aka biya da shi. Na babba dai sai babba, ba za ki ɗauki na yaro ki ba ɗan shekara 10 ba sai kin cika kuɗi. Ba sa mayar da kuɗin tikiti, amma in wa'adinsa ya wuce ba a yi amfani da shi ko sau ɗaya ba kuɗin bai mutu ba, ana cire shi daga farashin sabo.

Tambaya: Mu Kalifoniya za mu je ba Florida ba, kuma ni da yayata kamar an tsaga kara. Can ma haka ne?

Amsa: Haka ne, sai dai a Disneyland na Anaheim hoto suke ɗauka ranar farko, duk shigar da za ki yi hoton zai fito wa ma'aikacin a allo. Ko kamannin sun fitar da ku sharaɗin dai bai canza ba, tikitin na wadda ta fara ne. Universal, wani kamfanin wuraren wasan, su ma suna tantance mai tikiti a ƙofa, haka masu zuwa Abu Dhabi, tikitin haɗaka na Yas Island da ake shiga Ferrari World da Warner Bros. World da SeaWorld da shi na mutum ɗaya ne, ba a ce ke Ferrari ita SeaWorld ba. Na Anaheim ɗin kwana 5 ne iyakarsa kuma kina da kwana 13 bayan shigar farko ki ƙarasa, wuraren wasan biyu ne kawai suna kallon juna, na kwana bibbiyu ya ishe ku ke da yayar taki.