Sukiyaki da ɗanyen ƙwai: in yi wa yara a gida?

Tambaya: Salamu alaikum, Likita. Ɗana da ke karatu a Osaka ta ƙasar Japan ya turo min bidiyon wani abinci wai shi sukiyaki. Tukunya ce a tsakiyar tebur, kowa na tsamo nama yana tsomawa cikin ɗanyen ƙwai. Ƙannensa sun matsa sai na yi musu, maƙwabciyata kuma ta ce ai ɗanyen ƙwai ƙarfi yake ƙarawa. Ni dai gabana yana faɗuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tukunyar ba ta da illa. Naman shanu ne da aka yanka falan-falan, da awara, da ganyen albasa, ana dafawa cikin ruwan waken soya mai gishiri da sukari, a ci da zafinsa. Sai dai su Japanawa suna zuba mirin, wanda giyar shinkafa ce mai zaƙi, kuma ba duka take ƙonewa a wuta ba. Ki bar ta.

Ƙwan ne abin tsoro. A Japan ana wanke ƙwai a masana'anta, a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin ɓawonsa, a buga masa ranar da za a daina cin sa ɗanye, kimanin mako 2, a kuma ajiye shi cikin sanyi. Kwatanta da kiret ɗin da ya wuni a rana a bakin titi, da kashin kaza a jikinsa, ba wanda ya san ranar da aka saka shi. Ƙwayar cutar salmonella, mai sa gudawa da zazzaɓi, kan kasance har cikin ƙwan, ko da ɓawon ya fita fes.

Maganar ƙarfin nan kuwa ta ishe ni. Ba makon da zai wuce ban ga wanda aka kawo da gudawa da zazzaɓi ba, don wani mai tallar magani da lasifika ya ce ya fasa ƙwai 3 cikin madara ya shanye. Wane ƙarfi? Kusan rabin furotin ɗin ɗanyen ƙwai jiki ba ya iya narkar da shi, dafaffe kuwa sai ya ɗauki kusan kashi 90 cikin 100. Ka biya kuɗi, ka yi asarar rabin amfanin, ka sayo cuta. Babba ma ya ji jiki, balle yaro ko mai juna biyu ko tsoho.

Ki fasa ƙwan cikin romon yana tafasa, ki bari gwaiduwar ta daskare. Cokalin da ya taɓa ɗanyen nama kuma kada ya shiga bakin kowa, ki ware masa faranti daban.