Yadda hoto zai fito a cikin saƙon imel, ba a maƙale a ƙasa ba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana aika katin gayyatar bikin yaye ɗaliban makarantarku ta imel, kana so mutum yana buɗe saƙon ya ci karo da katin, amma sai ya ga rubutu kawai, hoton na can ƙasa a maƙale sai ya danna. Ka kuma ce wasu sun ga farin akwati da ɗan jan X a gurbin hoton. To, matsala biyu ce daban ka haɗa, kowacce da maganinta.

Saƙon imel iri biyu ne. Akwai na zallar rubutu, akwai na HTML, wato mai tsari irin na shafin intanet. Na zallar rubutu ba shi da gurbin hoto ko kaɗan, duk abin da ka sa masa sai ya koma ƙasa a matsayin fayil. Shi kuma na HTML, hoton ba a cikin rubutun yake ba. Wani layi ne a ɓoye yake cewa "a sa hoto a nan, a ɗauko shi daga wuri kaza". Wurin nan ko dai cikin saƙon ne, wato hoton ya yi tafiya tare da shi ɗauke da wata lamba da ake kira Content-ID, ko kuma wani adireshi ne a intanet. Idan babu wannan layin, an samu matsalarka ta farko. Idan layin yana nan amma ya nuna wurin da manhajar mai karɓa ba ta iya kaiwa, ko ta ƙi zuwa, an samu ta biyu.

Idan da Gmail kake aiki, yi shi a kwamfuta. Danna Compose, sai ka fara duba ɗige-ɗige ukun nan da ke ƙasan akwatin rubutu. Idan akwai alamar maki a gefen "Plain text mode", cire ta, don muddin tana nan babu dabarar da za ta yi aiki. Daga nan kada ka taɓa alamar kilif, aikinta maƙala fayil ne kawai. Ajiye alamar rubutu daidai inda kake so katin ya zauna, ka danna alamar hoto mai suna "Insert photo", ka shiga Upload. A ƙasa ta dama akwai zaɓi biyu, "Inline" da "As attachment". Zaɓi Inline tukuna, sannan ka ɗauko hoton. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe, suna ɗora hoton ba su kalli zaɓin ba. Hanya mafi sauri ita ce ka buɗe hoton, ka kwafe shi, ka liƙa da Ctrl da V a jikin saƙon. Hoton kansa za ka kwafa, ba sunan fayil ɗin ba.

Outlook na kwamfuta, wato manhajar imel ta Microsoft, samfurin da ake kira classic, yana da tsari uku: HTML, zallar rubutu da "Rich Text", kuma na ukun shi ne mai ɓata wa mutane aiki. A cikin sabon saƙo ka shiga Format Text ka zaɓi HTML, sannan Insert, sannan Pictures. "Attach File" daidai yake da kilif ɗin Gmail. Kada ka yarda da "Rich Text". A idonka zai yi kyau, wanda ke Outlook a ofis ɗaya da kai ma zai iya ganin sa daidai, amma tsarin Microsoft ne na kansu, kuma idan ya faɗa wata manhajar yakan isa da wani fayil mai suna winmail.dat da ba ya buɗuwa, hoton na ƙunshe a cikinsa. Don ka huta gaba ɗaya, je File, Options, Mail, ka sa "Compose messages in this format" a kan HTML.

Nauyin hoton ma abin dubawa ne, kuma a ganina an fi yin sakaci a nan. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai faɗin fiksel 4000, nauyinsa MB 3 zuwa 5. Imel ba ya ɗaukar hoto yadda yake, sai an mayar da shi haruffa ta tsarin base64, kowane bayit 3 ya zama 4, don haka hoton MB 3 zai zama kusan MB 4 a hanya. Gmail ya tsaya a MB 25, abin da ya haura sai ya mayar da shi linkin Google Drive. Tun kafin a je can ma, ka tuna iyayen yaran da za su buɗe saƙon da datar waya a inda sabis ke rawa: za su ga gurbin hoto ya daɗe a wofi, su rufe su wuce. Rage faɗin katin zuwa fiksel 600, ko 1200 idan akwai ƙananan rubutu a jiki, nauyin ya tsaya tsakanin KB 100 da 300. Zaɓin Small da "Best fit" da Gmail ke nunawa idan ka danna hoton girman gani kawai suke canzawa, nauyin yana nan yadda yake, don haka ragewar a Paint ko wata manhajar gyaran hoto za ka yi kafin ka ɗora. Ka tsaya a kan JPG ko PNG. HEIC na iPhone da SVG ba kowace manhaja ke nuna su ba, PDF kuwa ba hoto ba ne. Idan mai zanen katin ya ba ka PDF, ce ya fitar maka da JPG.

Yanzu batun jan X. Yawanci hoton bai taɓa shiga saƙon ba, nuni kawai aka yi zuwa gare shi. Idan aka kwafo shafi daga Word ko wani fayil na HTML, adireshin hoton kan kasance irin file:///C:/Users, wato wani wuri a cikin kwamfutarka. Kai za ka gan shi sarai tunda fayil ɗin yana wurinka, kamar ka rubuta wa mutum wasiƙa ka ce hoton yana cikin durowar ɗakinka. Linkin da ake rabawa na Google Drive shi ma ba adireshin hoto ba ne, shafi ne da ke nuna hoton, ga shi sau da yawa sai da izini ake shiga. Hotunan Facebook adireshinsu kan mutu bayan wani lokaci. Adireshin da zai yi aiki shi ne wanda ya fara da https, wanda idan ka liƙa shi a burauzar da ba ka shiga da asusunka ba, hoton shi kaɗai zai buɗe. Kuma ranar da aka goge shi daga sabar, wato kwamfutar da ke ajiye da shi a intanet, ya ɓace daga duk saƙonnin da aka riga aka aika.

Wani lokacin kuma adireshin lafiyarsa ƙalau, manhajar mai karɓa ce ta ƙi ɗaukowa. Da gangan aka yi hakan, saboda masu talla da 'yan damfara kan ɓoye ɗan hoto mai fiksel 1 a cikin saƙo, da zarar an ɗauko shi sun san an buɗe, kuma adireshin na da mai shi. Outlook na toshe hotunan waje tun daga farko. Sai mai karɓa ya danna sandar da ke saman saƙon ya zaɓi "Download Pictures", ko ya sa ka cikin "Safe Senders". Gmail tun Disamba 2013 yake nuna su kai tsaye ta hanyar bi da su ta sabobinsa, sai dai idan mutum ya shiga Settings, General, Images ya zaɓi a riƙa tambayar sa, ko kuma saƙon ya faɗa Spam. Wannan ɓangaren ba a hannunka yake ba. Shi ya sa ga gayyatar iyaye da baƙi, hoton da ke tafiya cikin saƙon ya fi, don ba ya buƙatar a ɗauko komai daga waje. Ajiye hoto a sabar kuwa aikin masu aika wa dubban mutane ne ta irin su Mailchimp.

Idan kuma manhajar makarantar ce ke aikawa da kanta, ka nuna wa mai kula da ita wannan. Rubutun HTML da hoton su zauna tare a cikin sashen multipart/related. Hoton ya samu Content-ID, misali kati1 a tsakanin alamun < da >, da Content-Disposition mai cewa inline, a cikin HTML kuma a rubuta src="cid:kati1" ba tare da alamun ba. Harafi ɗaya ya bambanta, hoton zai sauka ƙasa ya bar gurbi a wofi. A PHPMailer addEmbeddedImage ake kira, ba addAttachment ba, kuma a kunna isHTML. A Python add_related ne a kan sashen HTML. Kada ya cusa base64 kai tsaye cikin src da data:image, Gmail ba ya nuna irin wannan, ga shi yana yanke duk saƙon da HTML ɗinsa ya wuce KB 102. Ya kuma rubuta width="600" a jikin img, domin Outlook na kwamfuta tun 2007 da injin Word yake zana saƙo, ba ya bin yawancin CSS.

Don Allah kada katin ya zama shi kaɗai ne saƙon. Rubuta rana da lokaci da wurin taro da haruffa a sama ko ƙasansa, don wanda hoton bai buɗe masa ba da makaho mai amfani da manhajar karanta allo su san abin da ake ciki. Matatar Spam ma tana zargin saƙon da hoto ne zalla. Kafin ka aika wa jama'a, tura wa adireshin Gmail ɗaya da na Outlook ɗaya, ka buɗe a waya da kwamfuta. Idan har yanzu yana sauka ƙasa, buɗe saƙon a Gmail, danna ɗige ukun da ke gefen Reply, zaɓi "Show original", ka nemi layukan Content-Type da Content-Disposition da Content-ID. Kwafo su ka turo, ka goge adireshin mutane tukuna, daga nan za a gane inda ya karkace.