Tantance kayan kiɗan tsohuwar waƙa da kunne

Ka tambayi yadda za ka gano kayan kiɗan da ke cikin waƙoƙin Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, na shekarun 1960, da abin da kowanne yake bugawa, alhali ba ka da rubutaccen kiɗan. Shawarata ita ce ka fara da jitar bes, wato jita mai kaurin amo, domin amonta ne yake nuna inda kiɗan yake sauyawa, sannan ka koma kan ganguna. Ka sa abin saurare a kunne, ka ji hagu da dama dabam-dabam, saboda daga ƙarshen 1963 da tef mai layi huɗu, wato mai ɗaukar sauti kashi huɗu dabam-dabam, Beatles suke ɗaukar waƙa a Landan, kuma sau da yawa akan tura wasu kayan kiɗa gefe guda. Manhajar Audacity za ta ba ka damar rage gudun waƙa ba tare da amon ya sauya ba.

Sai dai wahalar tana wurin da kayan kiɗa biyu suka bugi amo ɗaya a lokaci guda. Sautin da ya buɗe waƙar Beatles mai suna "A Hard Day's Night" ta 1964 ya daɗe yana jawo gardama tsakanin makaɗa, domin jitar George Harrison mai tsirkiya 12 ta haɗu da bes ɗin Paul McCartney, dukansu 'yan ƙungiyar. A 2004 masanin lissafi Jason Brown na Jami'ar Dalhousie a Kanada ya binciki sautin da kwamfuta, ya ce akwai fiyano a ciki. Saboda haka idan ka buga da jita kaɗai ka ji bai cika ba, ka nemi abin kiɗan da ya ɓuya a ƙarƙashi.