Tsoka zalla ba ta riƙe kyanwa: amsoshin tambayoyinku kan dafa wa mage abinci a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da mage 'yar shekara biyu, ba ta fita ko ƙofar gida domin a saman bene muke zaune. Da can abincin leda na Whiskas nake saya mata, amma tsada ta sa na koma dafa mata jan nama da ƙirjin kaza, ba gishiri ba magi. Tana ci sosai. Maigida ya ce ai nama ya fi na kanti komai. In ci gaba a haka? (Wata uwargida daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maigida ya yi gaskiya cewa kyanwa dabbar nama ce, jikinta ba a gina shi don tuwo da shinkafa ba. Inda za a gyara shi ne, abin da muke kira nama da abin da kyanwa take ci a dawa ba ɗaya ba ne. Ki lura da muzurun unguwa idan ya kama ɓera: da kai yake farawa, ya tauna ƙashi, ya haɗiye zuciya da hanta da fata, da ƙyar ya bar jela. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai aikin da yake yi a jikinsa. Ke kuwa tsoka kaɗai kike ba taki, kuma tunda ba ta fita farauta, ba ta da inda za ta cike giɓin sai tukunyarki.

Abu na farko da tsoka ta rasa shi ne sinadarin kalsiyam, wanda yake gina ƙashi. Tsoka tana da fosforos da yawa, kalsiyam ɗinta kuwa kaɗan ne ƙwarai. Idan aka daɗe a haka, jiki sai ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙasusuwan kyanwar don ya daidaita jini. A babbar mage abin yakan ɗauki lokaci kafin ya bayyana. A 'yan jarirai kuwa makonni kaɗan sun isa a ga suna ɗingishi, suna ƙin tsalle, wani lokaci ƙafa ta karye daga faɗowa daga kan kujera kawai.

Na biyu shi ne sinadarin torin, wanda a jikin kwalabe ake rubuta shi Taurine. Mu da karnuka jikinmu yana iya haɗa shi da kansa, kyanwa kuwa ba ta iya haɗa wanda zai ishe ta, dole sai daga abinci. A 1987 likitocin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka tabbatar da cewa ƙarancinsa ne yake sa zuciyar kyanwa ta buɗe ta yi lakwas ta kasa harba jini. Tun kafin nan an riga an gano yana lalata ido har ya kai ga makanta. Daga lokacin kamfanoni suka ƙara yawansa a abincin da suke sayarwa, ciwon zuciyar ya ragu sosai. Abin da ya sa nake jin tsoron wannan ƙaranci shi ne ba ya yin shela. Mage za ta yi watanni tana ci tana wasa, sai rana ɗaya a ga tana haki ko tana karo da kujeru. Zuciyar takan iya farfaɗowa idan an gano da wuri, amma abin da ya lalace a ido ba ya dawowa. Ƙirjin kaza da kike ba ta yana cikin naman da torin ɗinsa ya fi ƙaranci. Cinya da zuciya ne suke da shi da yawa. Kuma yana narkewa a ruwa, saboda haka duk wadda ta tafasa nama ta tsiyaye romon ta zubar, ta zubar da wani kaso nasa.

Ga yadda za ki gyara haɗin, a kan kilo ɗaya. Ki samu cinyar kaza da aka cire wa ƙashi kamar giram 800, ki bar rabin fatar domin kyanwa tana buƙatar kitse. Ki ƙara zuciya giram 150, ta kaza ko ta rago ko ta sa, duk wadda kika samu wurin mahauci. Hanta giram 50 kawai, kada ki wuce. Ki zuba ruwa kaɗan wanda bai shanye kan naman ba, ki rufe tukunya, ki dafa a wuta kaɗan har cikin naman ya daina nuna ja. Idan ya huce ki yayyanka ƙanana ko ki markaɗa tare da romonsa gaba ɗaya, ki marmasa gwaiduwar dafaffen ƙwai ɗaya ko biyu a ciki.

Saura kalsiyam, kuma yana nan a kicin ɗinki. Ki tara ɓawon ƙwai, ki wanke, ki tafasa na 'yan mintuna, ki shanya ya bushe ƙarau, sannan ki daka a ƙaramin turmi ki tankaɗe da rariya mai laushi. Idan kika murza tsakanin yatsu kika ji tsakuwa-tsakuwa, bai yi ba, ki sake dakawa. Kimanin cokalin shayi ɗaya a shafe ya ishi kilo ɗaya na nama. Ki juya sosai don kada ya taru wuri guda. Mage mai nauyin kilo huɗu za ta ci wajen giram 150 na wannan haɗi a rana, a raba sau biyu ko uku. Idan ta fara ƙiba ki rage, idan haƙarƙarinta ya fara fitowa ki ƙara.

Duk da haka ba zan ce miki wannan haɗi ya cika ba. A 2019 masu bincike a jami'ar nan ta Davis sun auna hanyoyin dafa abincin kyanwa guda 114 da suka tattaro daga littattafai da intanet, ba su samu ko ɗaya da ya cika dukkan ƙa'idojin gina jiki ba. Ƙananan abubuwa irin su aidin da bitamin E da zinc sukan yi ƙaranci ko da mai girkin ta yi iya ƙoƙarinta. Shawarata ita ce kada ki yanke abincin kanti gaba ɗaya. Ki raba: wani kaso na gida, wani kaso na kanti wanda aka rubuta kalmar complete a jikinsa, domin shi ne aka haɗa da komai a ciki. Kuɗin da kike kashewa zai ragu, ita kuma ba za ta rasa abin da tukunya ba ta bayarwa ba. Idan kuwa kin ƙudurta sai na gida zalla, to ki kai ta wurin likitan dabbobi ya rubuta miki garin torin da haɗin bitamin na kyanwa da adadin da za ki riƙa sawa. Daga Kaduna, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba shi da nisa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, kuɗina ba yawa. Hanta da huhu sun fi araha a kwata, kuma muzuruna yana haukan son hanta. Zan iya riƙe shi da su? Wani lokaci kuma nakan rage masa tsire ko romon miya. (Wani ɗalibi daga Sakkwato)

Amsa: Ƙanina, Allah ya saka maka da alheri da kake raba ɗan abin hannunka da shi. Amma ka janye hantar nan. Tana ƙunshe da bitamin A mai yawan gaske, kuma jiki ba ya fitar da rararsa, tara shi yake yi. Kyanwar da aka daɗe ana ciyar da ita hanta sai ƙashin wuyanta ya fara tsiro yana mannewa, har ta kasa juya kai ta lashe jikinta. Ɗan yanki kamar kan babban yatsa sau biyu a mako ya wadatar. Idan araha kake nema, tambayi mahauci zuciya, ka tambayi masu fiɗar kaji ƙundu da zuciyar kaza. Ka haɗa da huhun, da dafaffen ƙwai, da garin ɓawon ƙwai kamar yadda na bayyana a sama.

Tsire da romon miya kuwa ka daina yau. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, kuma da wuya ka samu yaji ko miyar da babu ɗayansu. Alamar takan zo bayan kwanaki: kasala, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Idan za ka yi girki, ka ware nasa naman tun kafin ka sa kayan miya. Ƙashin kaza dafaffe ma kada ka jefa masa, tsagewa yake yi ya yi tsini.

Tambaya: Na ga wasu Turawa suna cewa ɗanyen nama ya fi dafaffe amfani ga kyanwa. Haka ne? (Wata matar aure daga Kano)

Amsa: 'Yar'uwa, ki dafa. Ɗanyen nama yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela da kuma toksoplasma, wadda kyanwa ke fitarwa a kashinta kuma take da haɗari ga mai juna biyu. Ga kuma murar tsuntsaye ta H5N1, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna, kuma take dawowa lokaci-lokaci. Cutar tana kashe kyanwoyi. A Amurka an samu waɗanda suka mutu a ƙarshen 2024 bayan sun ci ɗanyen abinci ko sun sha ɗanyar madara mai ɗauke da ita. Don haka kazar da ta mutu da kanta a gida ba abincin mage ba ce. Ɗanyen kifi shi ma wasu nau'o'insa suna lalata bitamin B1 a jiki, dahuwa ce take kawar da wannan. Kifi dafaffe da aka cire wa ƙaya sau ɗaya ko biyu a mako ya isa.

Tambaya: Wuta ba ta zama a unguwarmu. Ba gara in sayi busasshen abinci na buhu in huta ba? (Wani magidanci daga Maiduguri)

Amsa: Malam, busasshen abinci mai kyau ba laifi ba ne, kuma a yanayinka shi ya kamata ya zama ginshiƙi. Sai dai ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, alhali jiƙaƙƙen abinci yana da kashi 70 zuwa 80. Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar dawa ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta saba samun yawancin ruwanta daga abin da ta farauto, shi ya sa ba ta cika neman sha ba. A zafin Maiduguri wannan abin lura ne, musamman ga muzuru, wanda mafitsararsa ke saurin toshewa. Ka ajiye masa ruwa a wurare biyu ko uku, ka riƙa canzawa safe da yamma. Na gida kuma ka dafa na yini ɗaya kawai, abin da bai cinye ba cikin awa guda ka kwashe. Idan firiji yana riƙe sanyi, kwana biyu zuwa uku ne iyaka.

Duk sauyin abincin da za ka yi, ka yi shi a hankali cikin mako guda, kana haɗa sabon da tsohon. Idan ya ƙi ci, kada ka bar shi da yunwa da nufin zai saduda. Kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba kitse yakan taru a hantarta, musamman mai ƙiba. In ya cika kwana biyu cur bai taɓa abinci ba, ko ka ga yana ta yunƙurin fitsari ba ya fita, ka kai shi wurin likita a ranar.